Daga Tiya Zuwa Takardar Jarrabawa: Lissafin Rabo da Gauraye a Damargu

 

A shekarar 2014 shirin PASEC, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya gwada yaran ajin ƙarshe a ƙasashe 10. Sakamakon Nijar ya sosa rai ƙwarai, domin waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. Da aka sake gwajin a 2019 an ga ci gaba, amma mafi yawan yara ba su kai ba tukuna. Wanda ya karanta waɗannan alƙaluma daga nesa zai ɗauka yaron Damargu ba shi da kan lissafi. Mai wannan zato ya kamata ya shiga kasuwar Belbeji ya tsaya gaban yarinya mai tallar ƙosai. Wani ya saya na dala talatin da biyar, ya miƙa mata kuɗin da aka rubuta 500 a jikinsa. Kafin ya ɗauke hannu ta san dala ɗari ya ba ta, canjinsa dala sittin da biyar ne, ta kuma san waɗanne sulalla za ta haɗa su cika tamma 325. Ta raba da biyar, ta ɗebe, ta sake ninkawa sau biyar, ba alli ba allo. Kowane ɗan Nijar da lissafin kuɗi iri biyu yake yawo, wanda aka rubuta da wanda ake faɗa da baki, kuma tsakaninsu akwai ma'auni tsayayye: dala 1 tamma 5 ce.

Wannan yarinya ce, ko yayanta, za ta zauna jarrabawar BEPC a ƙarshen kolej, a ba ta tambaya mai layi huɗu a kan rabon riba ko haɗa kaya iri biyu, ta yi zuru har lokaci ya ƙare. Lissafin yana kanta. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda za ta gane cewa tambayar da ke kan takarda ita ce wadda take amsawa kullum a kasuwa, da yadda za ta rubuta amsar mataki-mataki don mai gyara ya gani.

Damargu kuwa tun can ƙasar awo ce da musaya. Ita ce rumbun hatsin Abzin, kuma ta nan ayari ke bi tsakanin Kano da Damagaram da Agadas. A watan Janairun 1851 Heinrich Barth da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg suka iso Damargu tare da ayarin gishiri na Abzinawa, a nan ne ma suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Ayarin da ke zuwa Bilma da Fashi hatsi yake ɗauka ya dawo da kantun gishiri da dabino. Duk madugun da bai iya ƙiyasta mudu nawa na hatsi ke fansar kantu ɗaya ba, da yadda ma'aunin ke sauyawa tsakanin shekarar yalwa da ta fari, ba zai sake jan ayari ba. Har yau buhun hatsi mai kilo 100 ana lissafa shi a kan tiya 40, wato kowace tiya wajen kilo biyu da rabi. A ce buhu ya kai jika 24, kowane mai awo ya san tiya ta kama tamma 600 kafin ya ɗora ribarsa.

Tambayoyin rabo duka mabuɗinsu ɗaya ne: a ƙirga kaso nawa ne gaba ɗaya, a nemi darajar kaso guda, sannan a ba kowa nasa. A ce makiyayi yana da dabbobi 96, tumaki da awaki, kuma duk inda aka sami tumaki 3 akwai awaki 5. Ɗalibi mai gaggawa yakan ga 3 da 5 ya rubuta uku bisa biyar na 96, ya sami lambar da ba ta cika ba, kamar ana iya kiwon rabin tunkiya. Kuskurensa shi ne ya ɗauki 5 a matsayin garken duka, alhali awaki ne kawai. Garken kaso 8 ne, 3 da 5. An raba 96 gida 8, kowane kaso dabbobi 12. Tumaki kaso 3, wato 36. Awaki kaso 5, wato 60. Masu shirya jarrabawa sukan juya tambayar su ɓoye jimilla, su ce awaki sun fi tumaki da 24, a nemo yawan garken. Hanyar ba ta sauya ba. Tazarar 5 da 3 kaso 2 ce, kaso 2 sun yi 24, kaso guda 12 ke nan, garke 96.

Haka yake ga abokan kasuwanci. Mutum biyu sun haɗa jari sun sayi raguna gabanin layya, ɗaya ya zuba jika 60, ɗaya jika 90, suka sami ribar jika 35. Jarin farko talatin biyu ne, na biyu talatin uku, don haka kaso 5 ne, kowane kaso jika 7. Na farko ya ɗauki jika 14, na biyu jika 21. A tara su a gani: 35. Wannan tarawar ta ƙarshe ba ta cin minti ɗaya, amma ɗalibai da yawa ba sa yin ta.

Inda wannan ilimi ya fi zurfi a ƙasar Hausa ba a kolej ba ne, a zauren malamai ne, wajen zakka da rabon gado. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa yana fitar da ɗaya cikin goma idan amfanin ya kai nisabi, shi ya sa ake ware dami guda a kowane dami goma. Wanda ya sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin ne a kansa. Mai tumaki ko awaki 40 yana ba da guda, mai kuɗi yana fitar da ɗaya cikin arba'in. Duk ɗalibin da ya karanta Risalar Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya bi ta kan waɗannan ma'aunai. Gado kuwa tambayar jarrabawa ce cikakkiya. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi. Bayan an yi jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, abin da ya rage jika 800 ne. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, jika 100. Saura 700. Namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka kaso 2 da 2 da 1 da 1 da 1, jimilla 7. Kaso guda jika 100: kowane ɗa namiji 200, kowace ɗiya 100. Malamin da ya raba wannan a kan buzu, da ɗalibin da ya warware tambayar tumaki da awaki a kan takarda, aiki ɗaya suka yi.

Akwai ma mas'alar da ta fi wannan daɗi ga mai son lissafi. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. Idan aka mayar da su gida 6, miji 3, ƴan'uwa 4, jimilla 7, dukiya kuwa gida 6 ce kawai. Rabon ya fi abin rabawa. Malaman fiƙihu sun ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar aka fara fuskantar irin wannan, aka daidaita a kan abin da ake kira auli: a raba dukiyar gida 7 maimakon 6, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan dukiyar jika 420 ce, kaso guda 60, miji ya sami 180, ƴan'uwa 240, kowace 120. Babu wanda aka fifita, kuma ma'aunin 3 da 4 bai motsa ba. Ba abin mamaki ba ne da littafin aljabara na Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babban sashe ga lissafin wasiyya da gado. Ƙasar Hausa ma ta fitar da nata gwanin, Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina da ya yi rubutu a kan jera lambobi cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron Damargu ba baƙo ba ne a wannan fage, kuma ya kamata malamansa su riƙa gaya masa haka.

Tambayoyin gauraye su ne suka fi kayar da ɗalibai, kuma dalili ɗaya ne: saurin raba biyu. Mai awo ya haɗa hatsi tiya 30 da ya saya a kan tamma 500 kowace, da tiya 10 da ya saya a kan 700. Nawa tiyar gaurayen ta tsaya masa? Hannu yakan yi saurin tara 500 da 700 ya raba biyu ya rubuta 600. Amma mai awon bai biya haka ba. Ya biya 15,000 a na farko, 7,000 a na biyu, jimilla 22,000 a kan tiya 40, wato 550. Mai arahar ya fi yawa, dole farashin ya karkata wajensa. Daga nan ɗalibi ya sami abin gwada amsa tun kafin ya fara: farashin gauraye ba ya fita daga tsakanin farashin biyu, kuma yana matsawa kusa da wanda ya fi yawa. Wanda ya sami 750 ko 480 ya san akwai gyara.

Idan aka juya tambayar, aka ce mai awon yana son buhu mai tiya 40 ya tsaya masa a kan 560 kowace tiya, nawa zai zuba daga kowane iri? Ana iya kafa lissafin da ba a san lamba ɗaya ba a warware, kuma hanya ce mai kyau. Amma akwai tunanin ɗan kasuwa da ya fi saurin shiga kai. Kowace tiya ta 500 tana ƙasa da 560 da tamma 60. Kowace tiya ta 700 tana sama da shi da tamma 140. Ragin wannan gefe dole ya cike ƙarin wancan. Tiya 7 masu araha sun rage 420, tiya 3 masu tsada sun ƙara 420, sun yi daidai. Ma'auni 7 da 3 ke nan, kaso 10, kowane kaso tiya 4: tiya 28 da tiya 12. A gwada: 14,000 da 8,400 sun yi 22,400, a raba gida 40, 560. Wannan dabara tsohuwa ce. Leonardo na birnin Pisa, wanda ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta Aljeriya, ya ware babi guda a littafinsa na 1202 a kan haɗa azurfa da tagulla don buga kuɗi, kuma irin wannan daidaitawar ce ake yi a ciki. Sai dai a nan akwai magana ga ɗalibai da za su zama ƴan kasuwa gobe: iya lissafin gauraye bai halatta algus ba. Wanda ya haɗa tsohon hatsi da sabo wajibi ne ya gaya wa mai saye.

Sai gaurayen ruwa. An ce akwai lita 20 na ruwan magani, maganin da ke ciki kashi 15 cikin 100 ne, ana so ya koma kashi 10. Lita nawa na ruwa za a ƙara? Mai gaggawa ya ɗebe 10 daga 15 ya ce lita 5. Tambayar da ta dace ɗalibi ya yi wa kansa ita ce, mene ne bai sauya ba? Ruwa ya ƙaru, jimilla ta ƙaru, amma maganin yana nan yadda yake: kashi 15 cikin 100 na lita 20, wato lita 3. Yanzu ana so wannan lita 3 ta zama ɗaya cikin goma na duka, don haka duka lita 30 ne, ruwan da za a ƙara lita 10. Wanda ya riƙe abin da bai sauya ba ya gama rabin aiki, ko ƙara ruwa aka yi, ko rana ce ta busar da shi.

Wannan ba wasan aji ba ne. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa yana da ma'auni: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwar da ke da rabin lita sai ta rage komai da rabi, sukari cokali 3, gishiri rubu'in cokali. Idan ta rage ruwan ta bar gishirin yadda yake, ta ninka ƙarfinsa sau biyu, kuma yawan gishiri yana cutar da ƙaramin yaro. Haka ƙunshin da ake bayarwa a likita, wanda aka auna don lita 1: juye shi cikin ƙaramin kofi kuskure ne. Ɗalibar kolej da ta fahimci wannan tana iya kare ƙaninta da shi a daren da asibiti ya yi nisa.

Manoma ma suna da nasu. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tare da abokan aikinsu, sun yaɗa dabarar sa taki kaɗan a gurbin shuka: gram 6 na takin NPK 15-15-15, kimanin cikin marfin kwalbar lemo, ko gram 2 na takin DAP. Me ya sa 6 a nan, 2 a can? Amsar tana jikin buhu. Lambobin 15-15-15 suna nufin kowane ɗaya daga sinadaran uku kashi 15 cikin 100 ne. DAP kuwa 18-46-0 ne, sinadarin fosfor ɗinsa kashi 46. Fosfor shi ne abin da jigawar Sahel ta fi rasawa. Kashi 15 na gram 6 ya ba da gram 0.9, kashi 46 na gram 2 ya ba da gram 0.92. Kusan daidai suke. Gonar kadada 1 da aka shuka da tazarar mita guda-guda tana da gurbi 10,000, saboda haka tana cin kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP. Manomin da ya iya wannan lissafi ba zai tsaya ga farashin buhu kawai ba, zai duba gona nawa buhun zai rufe, ya kuma tuna NPK yana ɗauke da sinadari na uku wanda DAP ba shi da shi.

Akwai gaurayen da kowane ɗalibi ke ɗauke da shi a jaka bai sani ba, wato matsakaicin makinsa. A ɗauki misali da darasi uku, lissafi mai nauyi 3, Faransanci mai nauyi 2, tarihi mai nauyi 1. Ɗalibi ya ci 6 da 11 da 14. Ya tara ya sami 31, ya raba uku, ya ga ya haura 10, ya kwanta da murna. Amma 6 sau 3, da 11 sau 2, da 14 sau 1 sun yi 54, a raba gida 6, 9 ke nan. Yana buƙatar 60 kafin ya kai 10. Maki 6 da suka rage, ƙarin maki 2 kacal a lissafi zai kawo su, yayin da a tarihi sai ya ci 20 bisa 20. Tafiya ma haka take. Tsakanin Tanut da Damagaram wajen kilomita 150 ne. Motar da ta tafi da gudun kilomita 75 a awa ta dawo da gudun 50 ta ci awa 2 da awa 3, wato kilomita 300 cikin awa 5, matsakaicin gudunta 60, ba 62.5 ba, domin ta fi daɗewa a kan tafiyar sannu.

Tarko na ƙarshe shi ne ɗauka cewa komai tare yake hawa. Mutum 6 sun nome gona cikin kwana 10, mutum 15 fa? Wanda ya haddace ƙa'idar lambobi uku ba tare da tunani ba zai rubuta kwana 25. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yawan hannu rage kwanaki yake yi. Aikin gonar yinin mutum 60 ne, a raba wa mutum 15, kwana 4.

Saura maganar harshe, wadda ita ce babbar katanga. Tambayar tana zuwa da Faransanci, yaro kuwa da Hausa yake tunani, ko Tamashek, ko Fillanci. Nijar ta daɗe da sanin wannan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma ɗalibin bana da takardar bana zai yi fama. Abin da malami zai iya yi tun gobe ba ya buƙatar kuɗi. Kafin kowa ya taɓa alƙalami, a ta da ɗalibi ɗaya ya ba da labarin tambayar da harshensa: wa ya sayi me, nawa, me aka ƙara, me ake nema. Wanda ya kasa ba da labarin bai fahimci tambayar ba, ko da ya haddace dukan ƙa'idoji. Bayan haka a zana kaso a allo, akwati-akwati, a rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, a mayar da gram kilo ko minti awa tun kafin a fara. A ɗakin jarrabawa kuma a rubuta kowane mataki a takardar amsa, domin mai gyara yana ba da maki a kan hanya ko da lambar ƙarshe ta kuɓuce. Iyaye ma suna da rawar takawa: jarrabawa tana zuwa daidai faɗuwar damina, lokacin da gona ke neman hannu, kuma makonnin nan na ƙarshe ɗalibi yana buƙatar a ɗaga masa ƙafa.

Ga tambayar da ɗalibai za su tafi da ita gida. Mai kiwon raguna yana sayen dusa kilo a kan tamma 150, tunkuza kilo a kan 300. Yana son haɗa kilo 60 da zai tsaya masa a kan 200 kowane kilo. Kilo nawa zai zuba daga kowanne? Idan kuma daga baya ya ƙara dusa kilo 15 a kan haɗin, nawa kilo zai koma? A rubuta matakai duka, a gwada amsa, a kai wa malamin lissafi.